WILLIAM LEVER, YARON DA YA FARA DA YANKAN SABULU

Tsofaffinmu da yawa sun san sabulun nan da a ke kira Sunlight, sun kuma san kantunan U.A.C. inda a dā a ke awon gyaɗa da fata. Amma kaɗan ne suka san labarin mutumin da hannunsa ke cikin waɗannan abubuwa duka biyu. A wannan wata muna so mu ba ku labarinsa, gama akwai abin koyi a ciki domin iyaye da 'ya'ya, akwai kuma abin da zai sa mai bi ya yi hankali.

An haifi William Lever ran 19 ga Satumba, 1851, a Bolton, wani gari na masaƙu a arewacin Ingila. Shi ne na 7 cikin 'ya'ya 10, shi ne kuwa ɗa namiji na fari. Ubansa, James Lever, ɗan kasuwa ne mai sayad da shayi da sukari da man shanu da sabulu. Mutum ne mai tsoron Allah, ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya kuwa fashin sujada. Cikin irin wannan gida yaron ya tashi, inda a ke lissafin kowane kobo, a ke kuma kiyaye ranar Lahadi.

Sa'ad da ya kusa gama makaranta, uwarsa ta so ya zama likita, shi kuwa ransa yana wajen zanen fasalin gine-gine. Amma uban ya riga ya yanke shawara. A 1867 ya sa shi aiki a kantinsa, yaron yana wajen shekara 16. Bai ba shi kujerar ɗan mai gida ba. Ya ba shi aikin da a kan ba ƙaramin yaron kanti, ladansa sule 1 a mako.

Ga yadda aikin ya ke. A zamanin nan masu dafa sabulu su kan aiko da shi sanda sanda, dogaye, ba suna a jikinsa, ba takarda. Sai mai kanti ya yanka gunduwa gunduwa, ya auna, ya naɗe wa mai saye. Wannan yanka da naɗi su ne aikin William tun da sassafe har yamma. Wani yaron da sai ya riƙa gunaguni, ya ce an ƙasƙantad da shi. Shi kuwa ya buɗe ido. Ya lura sabulun yau ba ɗaya ya ke da na jiya ba, mace kuwa ba ta da hanyar sanin wanda za ta samu, tun da ya ke ba wanda ya sa sunansa a kai balle a kama shi da laifi. Ya ajiye wannan a zuciya tasa shekara da shekaru.

Daga yankan sabulu aka kai shi wurin akawuna. Nan ya tarar hanyar da su ke rubuta lissafi tana cin lokaci, ya roƙi ubansa, ya sāke ta. Daga nan kuma ya zama mai yawon neman ciniki, yana bin ƙauyuka cikin keken doki, yana shiga ƙananan kantuna ɗaya ɗaya. Wannan ita ce babbar makarantarsa. Ya ga matan ma'aikata, waɗanda mazansu ke komowa daga masaƙa da ramin kwal da tufafi baƙi ƙirin. Ya ga yadda ranar wanki ke karya musu baya, tana tsattsage musu hannu, gama sabulun kitse da su ke saye ba ya kumfa sai an sha wuya. A 1872 uban ya ga ya isa, ya mai da shi abokin tarayya cikin kasuwancin, da albashin fam 800 a shekara. Bayan shekara 2 ya auri Elizabeth Hulme, wadda ya sani tun suna yara a makaranta.

Hausawa su kan ce icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Duk abin da Lever ya yi daga baya, idan muka bi sawunsa, sai mu tarar ya komo wurin teburin nan na yankan sabulu. A 1884 ya sa aka rubuta sunan Sunlight a wurin hukuma, watau hasken rana, domin kada wani ya yi amfani da shi. A 1885 shi da ƙanensa James suka karɓi wata ƙaramar ma'aikatar sabulu a Warrington. Wani masanin haɗa magunguna, William Watson, ya nuna musu yadda za a rage kitse, a yi sabulu da man itatuwa, kamar alayyadi da man angurya. Irin wannan sabulu yana kumfa nan da nan.

Amma yana da aibi guda: idan ya daɗe a iska sai bayansa ya yi gumi, ya soma wari. Lever da kansa ya kan ba da labarin wata mace da ta komo tana neman a ƙara mata sabulun nan mai wari. Daga nan ya gane cikinsa lafiya lau ne, bayan ne kaɗai ke ɓaci. Wanda ya yi shekaru yana naɗin sabulu ai ba ya rasa dabara a nan. Ya sa aka yanka shi tun daga ma'aikata, kowane gunduwa daidai da ɗan'uwansa, aka buga suna a jiki, aka naɗe cikin takardar da iska ba ta ratsawa, aka sa cikin kwali. Ya kuma kashe kuɗi mai yawa wajen talla, yana magana da matan nan da ya sani. Da fari suna yin ton 20 a mako. Kafin shekara 3 sun kai ton 450.

Wurin ya yi musu kaɗan. Sai ya sayi fili a bakin kogin Mersey, kusa da Liverpool, ya gina sabuwar ma'aikata, ya gina gari kuma domin ma'aikatansa, ya sa masa suna Port Sunlight. Nan marmarinsa na yaranta ya sami hanya, gama shi ya riƙa duba fasalin gidajen da kansa. Ya tuna da ɗakunan duhu da ya gani a Bolton, ya ba ma'aikata gidaje masu iska da lambu, da makaranta, da asibiti, da majami'a. Ya rage sa'o'in aiki. Da ya shiga majalisar dokokin Ingila a 1906, ya yi roƙo a riƙa ba tsofaffi fensho. Duk da haka mulkinsa da tsanani ya ke: wanda ya rasa aikinsa ya rasa gidansa.

To, sabulu ba ya yiwuwa sai da mai, man kuwa yana Afirka. Lever ya nemi a ba shi manyan filaye a Nijeriya da sauran ƙasashen yamma da ke hannun Ingila, hukuma ta hana shi, ta ce ƙasa ta masu ita ce. Sai ya juya wajen Kwango, inda gwamnatin Beljiyam ta ba shi dazuzzukan kwakwar manja a 1911. Nan ne tabon da ke cikin labarinsa. Ya gina asibitoci da makarantu can ma, amma ladan da a ke biya ƙanƙane ne ƙwarai, mutane ba su so su bar gonakinsu. Sai aka bi ta hannun sarakuna da ma'aikatan gwamnati da nauyin haraji, aka tilasta musu hawan itatuwa, aka yanka wa kowa yawan nonnan kwakwar da zai kawo. Mutane da yawa sun sha azaba, har a 1931, bayan mutuwarsa, kabilar Pende suka yi tawaye, aka kashe ɗaruruwansu.

A 1920 kuma ya sayi Kamfanin Neja, wanda ke sayen manja a kudu da gyaɗa a Kano, a kan kuɗi fiye da fam miliyan 8. Mutumin da ya gyara littattafan lissafin ubansa, a wannan karo bai tsaya an bincika littattafai ba. Bayan an gama ciniki aka tarar kamfanin yana da bashin banki wajen fam miliyan 2, farashin kaya kuma ya faɗi. Saura kaɗan dukan aikin ransa ya rushe, sai da wani akanta, Francis Cooper, ya shawo kan bankuna. Daga wannan kamfani ne U.A.C. ta fito a 1929. Lever bai ga wannan ba, gama ya komo daga tafiya Afirka ke nan ciwon huhu ya kama shi, ya mutu ran 7 ga Mayu, 1925. An binne shi kusa da matarsa a majami'ar da ya gina a Port Sunlight.

Ya ku iyaye, kada mu rena ƙaramin aikin da za mu sa yaro, ko tallar gyaɗa ne, ko riƙon zare a wurin maɗinki. Ubangijinmu da kansa ya yi aikin sassaƙa a Nazarat, Manzo Bulus kuma maɗinkin tanti ne. Ku kuma samari, ku buɗe ido a wurin da ku ke yanzu, gama bukatar da kuka gani yau, wataƙila ita ce sana'arku ta gobe.

Amma akwai abin da kanti bai koya wa Lever ba. Ya ɗauki matan Bolton maƙwabtansa ne, ya ji tausayin hannuwansu. Mutanen Kwango kuwa ya lissafta su tare da ganguna na manja. Idan Allah ya buɗa wa ɗayanmu, har ya ɗauki 'yan ƙodago daga wata kabila ko wata ƙasa, bari ya biya su hakkinsu da mudun da zai so a auna wa ɗansa. Mu yi addu'a domin 'yan kasuwan da ke cikin ekklesiyoyinmu, Ubangiji ya ba su himma, ya kuma tsare su daga cin gumin talaka.