Mekatilili wa Menza

Mekatilili wa Menza (ta rasu a wajajen 1924) mace ce 'yar ƙabilar Giriama, wadda ta jagoranci bijire wa mulkin mallakar Birtaniya a gaɓar tekun Kenya a 1913. Giriama ɗaya ce daga cikin ƙabilu tara da ake kira Mijikenda, manoma ne da makiyaya da ke zaune a ƙauyukan bayan Mombasa da Malindi.

Farkon rayuwa

An haife ta a ƙarni na 19 a yankin Kilifi. Sunanta na yanka Mnyazi. Bayan ta haifi ɗanta Katilili aka riƙa kiran ta Mekatilili, wato uwar Katilili.

Gwagwarmaya

A farkon ƙarni na 20 Turawa sun ɗora wa Giriama harajin ɗaki, suka naɗa musu masu unguwanni, suka kuma matsa wa samari su tafi ƙwadago a gonakin Turawa. Sun kuma so su tashe su daga gonakinsu masu albarka da ke arewacin kogin Sabaki. Jami'in da aka turo don wannan aiki shi ne Arthur Champion.

Mekatilili, wadda mijinta ya riga ya rasu, ta riƙa bin ƙauyuka tana rawar kifudu, wadda aka saba yi a wajen makoki. Idan jama'a suka taru, sai ta gargaɗe su kada su ba da 'ya'yansu. A 1913 an yi babban taro a Kaya Fungo, dajin da Giriama ke tsarkakewa, inda maza da mata suka yi rantsuwar ƙin ba Turawa haɗin kai.

A watan Oktoba na shekarar aka kama ta tare da dattijo Wanje wa Mwadorikola, aka kai su Kisii a yammacin Kenya. Sun gudu, suka dawo gida da ƙafa, aka sake kama su. A Agustan 1914 Turawa suka rusa Kaya Fungo, yaƙi ya ɓarke. An ƙone ƙauyuka, an ci Giriama tarar rupi 100,000, an kore su daga arewacin Sabaki. Bayan 'yan shekaru aka bar su suka koma gonakinsu, ita ma ta dawo daga inda aka tsare ta.

Mutuwa da tunawa

An binne ta a Bungale, a yankin Magarini. Ana bikin tunawa da ita kowace shekara a Kilifi. A 2008 UNESCO ta sanya dazuzzukan kaya na Mijikenda cikin wuraren tarihi na duniya.