Paul Anspach: Gwanin Takobi Da Ya Ƙi Sakin Amana

A wannan fitowa zan kawo wa 'yan'uwana ɗalibai taƙaitaccen tarihin wani gwanin wasan takobi. Mu a nan mun fi sanin takobi a hannun mahaya ranar hawan salla. A Turai kuwa wasa ne mai dokoki, inda mutum biyu kan kara sanye da rigar kariya, wanda ya fi taɓa ɗan'uwansa da tsinin takobi shi ne ya ci.

An haifi Paul Anspach a ƙasar Beljiyam a shekarar 1882, ya kuma karanta fannin shari'a. Sau huɗu yana zuwa gasar Olamfik. A 1908 shi da abokan wasansa suka samo tagulla a Landan. A 1912 ya ciyo zinare biyu, ɗaya tasa shi kaɗai, ɗaya ta ƙungiya. A 1920 da 1924 kuma suka samo azurfa.

Da aka kafa hukumar wasan takobi ta duniya a birnin Faris a 1913, yana cikin waɗanda suka tsara dokokin wasan. Daga baya ya shugabanci hukumar tun daga 1933 har zuwa 1948.

Abin da ya sa na zaɓe shi ya faru ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1940 Jamus ta mamaye Beljiyam, 'yan sandan asirinta suka kwashe takardun hukumar zuwa Balin. Babbansu Reinhard Heydrich, wanda shi ma ɗan wasan takobi ne, ya nemi Anspach ya sakar masa shugabancin. Wannan mutum ne da ko a Jamus tsoronsa ake ji. Duk da haka Anspach ya ƙi, bisa hujjar cewa ƙasashe ne suka zaɓe shi, don haka kujerar ba tasa ba ce balle ya kyautar. An kashe Heydrich a 1942, Anspach kuwa sai a 1981 ya rasu, yana da shekara 99.

A ganina, ƙin da ya yi ya fi lambobinsa biyar daraja. Ko ƙungiyar ɗalibai aka ba mutum ya riƙe, ya tuna cewa kayan aro ne, masu shi kaɗai ake mayar wa.