Lewis Latimer, ɗan bayin da ya ƙara wa ƙwan lantarki kwana

Akwai wata magana da ke yawo a WhatsApp, wai baƙar fata ne ya ƙirƙiro ƙwan lantarki, Thomas Edison ya ƙwace. Mutumin da ake nufi shi ne Lewis Latimer. Na bi tarihinsa, kuma gaskiyar magana ba shi ya ƙirƙiro ba. Sai dai abin da ya yi ya isa a tuna da shi ba sai an ƙara gishiri ba.

Iyayensa, George da Rebecca, bayi ne da suka gudo daga jihar Virginia ta Amurka zuwa Boston a 1842. Aka kama uban, garin ya rikice, har masu yaƙi da bauta suka haɗa dala 400 suka fanshe shi. An haifi Lewis ranar 4 ga Satumba 1848 a Chelsea, kusa da Boston. Bai yi karatu mai zurfi ba. A 1864, yana ɗan saurayi, ya shiga sojan ruwa a yaƙin basasar Amurka.

Da ya dawo sai ya samu aikin ɗan aike a ofishin Crosby da Gould, lauyoyi masu nema wa mutane takardar mallakar ƙirƙira, a kan dala 3 a mako. To, nan ne ya burge ni. Yana kallon masu zanen na'urori, ya sayi tsofaffin kayan zane da littattafai, ya koya wa kansa. A hankali ya zama babban mai zane, albashi ya kai dala 20. Shi ya zana wa Alexander Graham Bell hotunan tarho da aka shigar a 1876.

A lokacin matsalar ƙwan lantarki ita ce zaren cikinsa. Ana gasa zaren auduga ko takarda ko gora har ya zama gawayi, wuta ta bi ta ciki ya yi haske. Wanda Edison ya gwada a Oktoban 1879 bai wuce awa goma sha 'yan kai ba, a Ingila kuma Joseph Swan yana nasa ƙoƙarin. A 1880 Latimer ya koma kamfanin Hiram Maxim, abokin gasar Edison. Nan ya lura zaren yana lanƙwashewa ko ya karye wajen gashi, sai ya riƙa sa shi cikin ambulan na kwali kafin ya shiga wuta. Ranar 17 ga Janairu 1882 aka ba shi takardar mallakar wannan dabara. Asara ta ragu, zare ya ƙara ƙarko.

Ya jagoranci sa fitilu a New York, Philadelphia, Montreal da Landan. A 1884 Edison ya ɗauke shi, yana zane, yana kuma ba da shaida a kotu kan rigingimun mallakar ƙirƙira. A 1890 ya wallafa littafi kan yadda hasken lantarki ke aiki. Da aka kafa ƙungiyar tsofaffin abokan aikin Edison a 1918, shi kaɗai ne baƙar fata a ciki. Ya rasu ranar 11 ga Disamba 1928 a Flushing, New York, gidansa kuma yanzu gidan tarihi ne.

Me ya haɗa mu da shi a Zangon Lome? Ai tambayarsa ita ce tamu kullum muka je sayen ampul: kwana nawa zai yi? Yau zaren ƙarfen tungsten ne ya maye gurbin gawayi, amma har yanzu shi ne wurin rauni. Ɗan zemijan da ke canza ƙwan gaba, ya sani girgizar hanya na karya zaren, don haka a ɗaura shi ya zauna daram. In na halojin ne, kada a taɓa gilashin da yatsa: maiƙon hannu yana tara zafi wuri guda, ƙwan ya mutu da wuri ko ya fashe. A riƙe shi da ƙyalle mai tsabta, a kuma duba ƙarfinsa ya yi daidai da wanda aka cire.

A gida ma haka. Wutar CEET ba abin wasa ba ce. A kashe makunni, a bar ƙwan ya huce, hannu a bushe, sannan a kwance. Doguwar fitilar nan fara da mai murɗe suna ɗauke da zaiba. In ta fashe a fitar da yara, a buɗe taga, a kwashe da kwali, ban da hannu. Na LED kuwa ba shi da zare, yana cin wuta kaɗan, amma zafi da danshi na rage masa kwana.

Ni dai shawarata, in an turo muku wancan saƙon, ku mayar da tarihin yadda yake. Ɗan aiken da ya koya wa kansa zane har manyan masu ƙirƙira suka nemi hannunsa, labari ne da ya kamata yaranmu masu koyon sana'a su ji.