Ajayi Crowther da Matarsa Hassana

Akwai 'yan'uwa matasa da yawa waɗanda suka bar garuruwansu suka zo Kano neman aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Mun san abin da ke damun waɗansunsu. Lokacin aure ya yi, ga marmari a zuciya, amma iyaye suna nesa, ba kawu ba gwaggo da za su shige gaba. Saboda su mu ke so mu ba da labarin wani bawan Allah wanda ya fi su rashin dangi, watau Bishop Samuel Ajayi Crowther.

An haifi Ajayi a Osogun cikin ƙasar Yarabawa. A shekara ta 1821 mahara suka faɗa wa garin, suka kama shi yana yaro, suka raba shi da uwarsa. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har wani ya yi musayarsa da doki. Daga bisani aka sa shi cikin jirgin Fotugis a Ikko domin a ƙetare teku da shi. Amma cikin watan Afrilu 1822 jiragen yaƙi na Ingila suka tare jirgin nan, suka kai bayin Saliyo, aka 'yantar da su.

Cikin watan Oktoba na shekaran nan wani jirgin yaƙi mai suna Bann ya kuɓutar da waɗansu bayi kuma. A cikinsu akwai wata yarinya, sunanta Asano, watau Hassana, sunan da mu kan raɗa wa 'yar tagwaye. Aka kai ta makarantar mishan ta ƙauyen Bathurst, inda Ajayi ya ke koyon karatu. Ku duba wannan al'amari. Ba wanda ya aika da goro, ba wanda ya binciki asali. Masu cinikin mutane sun nufi mugunta, ga shi kuwa ta hanyarsu yaran nan biyu suka zauna a makaranta guda, suna koyon baƙaƙe tare.

Ajayi bai yi gaggawa ba, wannan kuwa shi ne abin da ya fi burge mu. An yi masa baftisma ran 11 ga Disamba 1825, ya ɗauki suna Samuel. Hassana ita ma ta karɓi baftisma, aka sa mata Susan. Ya tafi Ingila ya yi 'yan watanni, ya komo ya shiga kwalejin Fourah Bay a 1827 cikin ɗalibanta na fari. Sai a 1829 aka ɗaura musu aure, shekara bakwai bayan kuɓutarsu. Shi malamin makaranta, ita ma malama. Ibrahim ya aiki baransa ya nemo wa Ishaku mata. Su kuwa ba su da mai aike sai Ubangiji.

Kada wani ya zaci daga ranan nan jira ya ƙare. A 1841 Ajayi ya bi jiragen da suka hau kogin Kwara, tare da Malam Schön wanda ya yi aiki ƙwarai a kan harshen Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 cikin tafiyan nan, Hassana kuwa tana Saliyo da ƙananan yara. A 1854 ya sake tafiya, suka hau Binuwai. A 1857 jirginsu mai suna Dayspring ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace, suka zauna bakin kogi wajen shekara guda kafin wani jirgi ya zo. A 1867 wani sarki a bakin Kwara ya tsare shi da ɗansa Dandeson, yana neman kuɗin fansa. Mu kan yaba wa mai tafiya, mu manta da wadda ta ke gida tana sauraron ƙarar jirgi. A ganinmu bangaskiyar Hassana ba ta kasa ta mijinta ba, gama shi yana ganin hatsarin da idonsa, ita kuwa sai addu'a kaɗai.

Allah bai bar su da wahala kawai ba. A 1846 suka ƙaura tare zuwa Abeokuta domin aikin bishara. Ba su daɗe ba sai aka kawo wa Ajayi wata tsohuwa, ashe uwarsa ce, bayan rabuwar shekara 25. Yaron da aka fizge daga hannunta, ta same shi fasto, da mata da 'ya'ya. Hassana wadda aka aura ba suruka ta sami suruka rana ɗaya. An yi wa tsohuwan nan baftisma da suna Hannatu.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa Ajayi bishop a Kantabori, baƙin mutum na fari da ya sami wannan matsayi cikin Ekklesiyar Angalika. Bai taɓa sa ƙafa a Kano ba, amma tashar da ya kafa a Lokoja ta zama ƙofar bishara zuwa Arewa. Dandeson ya bi sawun ubansa cikin aikin Ekklesiya. 'Yarsu Abigail ita ta haifi Herbert Macaulay, wanda 'yan makaranta suka sani cikin tarihin Nijeriya.

Hassana ta rasu a Ikko a 1880, bayan zaman aure na shekara 51. Kwanakin da suka fi ɗaci ga Bishop sun zo bayanta, sa'anda waɗansu matasan Turawan mishan suka zargi ma'aikatansa a 1890, suka kori da dama, suka ƙwace ikon aikin Kwara daga hannunsa. Wadda ta san shi tun ba shi da kome ba ta nan ta ƙarfafa shi. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu ran 31 ga Disamba 1891. A 1976 aka ɗauke ƙasusuwansa daga makabartar Ajele, aka sake binne su a babbar majami'ar Kristi da ke bakin ruwa a Ikko.