William Herschel: Makaɗin Da Ya Gano Hasken Da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda a cikinmu ya ƙetara iyakar Aflao ko ta Paga a lokacin cutar korona a shekarar 2020, zai tuna 'yar na'urar nan da ma'aikatan lafiya ke nuna wa mutum a goshi don auna zafin jikinsa. Abin da take karantawa shi ne wani haske da ido ba ya gani, wanda duk abu mai ɗumi ke fitarwa. Yau za mu kawo muku tarihin mutumin da ya gano shi.

An haifi William Herschel a birnin Hanover na ƙasar Jamus a ranar 15 ga Nuwamba, 1738. Mahaifinsa mai busa ne a ƙungiyar makaɗan soja, shi ma sana'ar da ya gada ke nan. A 1757 ya yi ƙaura zuwa Ingila, ya zama baƙo mai neman abinci kamar yadda kakanninmu suka sauka a Nima da Maamobi. Ya yi ta koyar da kiɗa har ya samu gindin zama a garin Bath a 1766.

A can ne sha'awar ilimin taurari ta kama shi. Da ya ga madubin hangen nesa mai kyau ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya shiga ƙera nasa, yana narka tagulla da kuza yana goge su da hannu. Wani lokaci yakan shafe awa 16 bai ɗaga hannu ba, sai dai ƙanwarsa Caroline ta riƙa sa masa abinci a baki.

Wahalar ba ta tafi a banza ba, domin a ranar 13 ga Maris, 1781, ya hango duniyar Uranus daga bayan gidansa. Wannan ya sa Sarki George na Uku ya yanka masa albashin fam 200 a shekara, ya bar kiɗa. Haka kuma ya riƙa ƙera madubai yana sayarwa, har a 1789 ya kammala wani a Slough mai tsawon ƙafa 40, wanda babu kamarsa a duniya a lokacin.

A shekarar 1800 ya sa hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rabu launi-launi kamar bakan gizo, sannan ya auna zafin kowane launi. Da ya matsar da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙara hawa. Daga nan ya gane cewa akwai haske a wurin. Shi ne Turawa ke kira infrared.

Masana taurari na bukatar wannan haske saboda yana ratsa ƙurar sararin sama da ke tare hasken da muka sani. Idan kuma aka rarrabe hasken tauraro, kowane sinadari yana barin alamarsa, don haka ana iya sanin abin da tauraron ya ƙunsa da zafinsa da saurin tafiyarsa. Matsalar ita ce taurari ba su ƙirguwa, auna su ɗaya bayan ɗaya kuwa cin lokaci ne. Shi ya sa madubin James Webb, wanda aka harba a ranar 25 ga Disamba, 2021, yake ɗauke da na'urar NIRSpec mai ƙananan ƙofofi kusan 250,000. Ana buɗe waɗanda suka yi daidai da abin da ake so, a rufe sauran, a auna abu ɗari a lokaci guda. Dole ne kuma na'urar ta zauna cikin tsananin sanyi, in ba haka ba ɗuminta zai danne abin da take nema.

Herschel ya rasu a Slough a ranar 25 ga Agusta, 1822, yana da shekara 83. Mu kuma a nan Ghana, tun 2017 aka buɗe cibiyar nazarin taurari ta Kuntunse kusa da Accra, mai faifan da ya kai mita 32, wanda ke kama igiyoyin rediyo daga sama. Saura mu ga ko 'ya'yan Zongo za su shiga sahun masu aiki da ita, abin da ba zai yiwu ba sai mun bar su sun yi nisa a karatun lissafi da kimiyya.