Waliyi Yohanna Vianney da Ƙaramar Majami'ar Ars

Ran 4 ga Agusta Ekklesiya takan tuna da Yohanna Mariya Vianney, wanda aka haifa a Dardilly kusa da birnin Liyon, ƙasar Faransa, a 1786. Ɗan manoma ne. Latin ya ba shi wuya ƙwarai, da ƙyar ya kai ga naɗin firist a 1815.

A 1818 aka tura shi Ars, ƙauye mai mutum wajen 230. Majami'ar da ya tarar, ta Waliyi Sistus, gini ne na ƙarni na 12, zaure ɗaya ƙuntatacce, mai duhu. Hasumiyarta ma an rushe ta a lokacin juyin juya halin Faransa. Jama'a kuwa sun yi sanyi da zuwa Misa.

Bai rushe tsohon ginin ba, bai kuma jira masu kuɗi ba. A 1820 ya tayar da hasumiyar ƙararrawa da jan bulo. Sa'an nan ya shiga huda bangon gefe yana ƙara ƙananan ɗakunan sujada, ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon abin da ya shigo hannu: na Budurwa Maryamu a 1820, na Yohanna Mai Baftisma a 1823, na Waliyiya Filomina a 1837, har suka cika biyar. Masanin gini zai ce aikin faci ne, ba musu. Amma duk wanda ya taɓa ƙara rumfa a jikin cocin ƙauyensu domin jama'a sun yi yawa, ya san irin wannan facin.

Shi kansa dafaffen dankali ne abincinsa, rigarsa ta koɗe, amma idan ya je Liyon sayen kayan bagadi, mafi kyau yake nema. A cikin wannan matsatsin wuri yakan zauna har awa 16 a rana yana sauraron masu furta zunubansu, waɗanda suke zuwa dubbai daga nesa.

Ya rasu a 1859. A 1862 aka fara babbar majami'a bisa zanen Pierre Bossan, aka haɗa ta da tsohuwar. Har yau ta tsohon zauren ake shiga. Paparoma Pius na 11 ya sa shi cikin waliyyai a 1925, gawarsa kuma tana kwance can cikin akwatin gilashi.