Bettino Ricasoli

Bettino Ricasoli (an haife shi ranar 9 ga Maris, 1809, ya rasu ranar 23 ga Oktoba, 1880) ɗan siyasa ne kuma manomi ɗan ƙasar Italiya. Shi ne firaministan Italiya na biyu, kuma shi ya tsara haɗin inabin da ake yin giyar Chianti da shi. Ana yi masa laƙabi da Basaraken Ƙarfe saboda tsaurin halinsa.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Florence, cikin wani tsohon gidan sarauta na yankin Tuscany. Iyayensa sun rasu tun yana matashi, suka bar masa filaye masu yawa da bashi mai nauyi. A 1838 ya bar birni ya tare da iyalinsa a Brolio, ganuwar kakanninsa da ke kusa da ƙaramin garin Gaiole, tsakanin Florence da Siena.

Siyasa

A 1847 ya kafa jaridar La Patria. A 1859 ya jagoranci gwamnatin Tuscany, ya tsaya kai da fata sai da yankin ya haɗe da masarautar Sardinia a 1860. Bayan rasuwar Cavour a watan Yunin 1861 ya zama firaminista, ya sauka a 1862. Ya sake riƙe muƙamin daga 1866 zuwa 1867, lokacin da yankin Venice ya shigo cikin Italiya.

Gonar Brolio da giyar Chianti

Duk mulkinsa biyu bai kai shekara biyu ba. Aikin gona kuwa ya ci masa fiye da shekara talatin. A zamaninsa giyar Faransa ce ke da suna a kasuwannin Turai, ta Tuscany kuma ba ta jure doguwar tafiya. Ricasoli ya zaga gonakin inabi na Faransa don ganin yadda suke aiki, ya dawo ya yi ta gwada irin inabin yankinsa ɗaya bayan ɗaya.

A 1872 ya rubuta wa Farfesa Cesare Studiati na Jami'ar Pisa wasiƙa, inda ya bayyana sakamakon. Inabin Sangiovese shi ne tushe, don shi ke ba da ƙamshi da ƙarfi. Canaiolo yana rage kaifinsa. Farin inabi na Malvasia kuwa ya keɓe shi ga giyar da za a sha da wuri, ya ce wadda za a ajiye ta tsufa ba ta buƙatarsa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne aka yi watsi da shi. Dokar 1967 ta tilasta sa farin inabi a kowace Chianti, darajarta ta faɗi, wasu manoma suka fita daga tsarin. Sai daga 2006 aka hana farin inabi a Chianti Classico, giyar da garuruwan Gaiole, Radda, Castellina da Greve ke dogaro da ita.

Rasuwa

Ya rasu a Brolio yana da shekara 71. Zuriyarsa ce ke riƙe da gonar har yau.